Targaɗe ko Karaya a Idon Sawu: Jinya a Gida, Kemis, Mai Ɗori ko Asibiti?

Raunin idon sawu yana cikin raunukan da suka fi samun mutane, kuma kusan kullum ta hanya ɗaya yake zuwa: ƙafa ta gurɗe ta juya ciki, gefenta na waje ya taka ƙasa, nauyin jiki gaba ɗaya ya sauka a kansa. Yana samun ɗan ƙwallo a fili, da wanda ya diro daga babur cikin gaggawa, da wadda ta taka bakin kwata da takalmi mai tsini, da dattijon da santsin banɗaki ya kwashe. Kafin awa guda wurin ya kumbura, shawarwari kuma sun fara zuwa ta kowace fuska. Wani zai ce a garzaya gidan mai ɗori tun abin yana ɗanye, wani ya ce a gasa da ruwan zafi, wani ya ce a je kemis a haɗo magani, wani kuma ya dage sai asibiti. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da inda take amfani da inda take cutarwa, kuma abin da ke raba tsakani shi ne irin raunin da ke ƙarƙashin kumburin.

Gaɓar idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani dunƙulallen ƙashi na ƙafa wanda waɗannan biyun suka riƙe a tsakaninsu. Tudun nan biyu da ake gani dama da hagu ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne. Akwai jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, uku daga cikinsu a gefen waje, kuma ta gaban ita ce mafi rauni, ita ce ke fara lalacewa idan ƙafa ta gurɗe. Idan jijiyar ta miƙe fiye da ƙima ba ta yage ba, targaɗen kan warke cikin mako 1 zuwa 3. Idan ta ɗan yage, akan yi mako 3 zuwa 6. Idan ta tsinke gaba ɗaya, magana ta koma ta watanni. Karaya kuwa takan buƙaci kimanin mako 6 kafin ƙashi ya haɗe, sannan wasu watanni kafin ƙafa ta dawo da ƙarfinta.

Ma'aunan da ya kamata a yi zaɓi da su

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran duka, shi ne ko hanyar da aka zaɓa tana iya bambance targaɗe da karaya. Girman kumburi ba ya bambancewa, domin tsinkewar jijiya takan kumbura fiye da wata karayar. Maganar da ake yawan yi cewa duk wanda yake iya motsa yatsunsa bai karye ba ita ma ba ta da tushe, don yatsu suna motsi ko da ƙashin idon sawu ya rabu biyu. Abin da likitoci ke dogara da shi wata ƙa'ida ce da aka fitar a birnin Ottawa na ƙasar Kanada a 1992, kuma kowa zai iya fahimtarta. Ana buƙatar hoton ƙashi idan mai raunin ya kasa yin taku huɗu, ko da da ɗingishi ne, tun lokacin da abin ya faru har zuwa lokacin duba shi; ko kuma idan an danna ƙashin kansa ya ji zafi a kan ɗaya daga cikin tudun nan biyu, ko a gefensu na baya har santimita 6 zuwa sama; ko a kan ɗan tudun da ke tsakiyar gefen ƙafa na waje, a layin ƙaramin yatsa; ko a kan ƙashin da ke saman lanƙwasar tafin ƙafa ta ciki. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, da wuya ƙwarai a ce yana da karayar da ke buƙatar magani. Sai dai ƙa'idar ba ta aiki a kan wanda yake cikin maye, da wanda ƙafarsa ba ta ji sosai kamar wasu masu ciwon suga, da ƙananan yara da ba su iya faɗin inda ke yi musu ciwo.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗi, amma a lissafa shi gaba ɗayansa: abin da za a biya a ranar farko, da kwanakin aikin da za a rasa, da abin da za a kashe wajen gyara idan maganin farko bai yi ba. Na uku shi ne sauƙi, wato nisa, da layi, da yawan zirga-zirga ga mutumin da ba ya iya taka ƙasa. Na huɗu haɗari. Na biyar ɗorewa: bayan shekara ɗaya ko biyar, ƙafar za ta iya gudu, da tsuguno, da zaman tahiya, ko kuwa za ta riƙa gurɗewa a kowane ɗan rami?

Akwai yanayin da babu zaɓi a cikinsa. Idan ƙafa ta karkace ana gani da ido, ko akwai rauni a fata kusa da inda ake zargin karaya, ko yatsu sun yi sanyi, sun canza launi ko sun daina ji, to asibiti ne a wannan rana, ba tare da tsayawa ko'ina ba.

Jinya a gida

Mafi yawan raunukan idon sawu targaɗe ne, kuma mafi yawan targaɗe yana warkewa a gida idan an bi tsari. A kwana biyu na farko ana rage tafiya, ana ɗora ƙanƙara da aka naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, ana naɗa bandeji mai talewa daga tushen yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri ba tare da matsewa ba, ana kuma ɗora ƙafar a kan matasai ta ɗara ƙirji tsawo idan an kwanta. Inda babu wuta, ruwan leda mai ƙanƙara ko tsumma da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar. Gashi da ruwan zafi da murza da man zafi, waɗanda mutanenmu suka fi saurin yi, suna ƙara kumburi a kwana biyu zuwa uku na farko, saboda zafi yana buɗe hanyoyin jini a wurin da jini ke tsattsafa a ciki. Bayan kumburi ya fara saɓewa babu laifi a yi su.

Da zarar zafi ya ragu sai a fara taka ƙafar a hankali, domin doguwar kwanciya tana sandarar da gaɓa, tana kuma ramar da tsoka. Ta fuskar kuɗi wannan hanya ba ta da na biyu, don ba ta wuce kuɗin bandeji da na maganin rage zafi ba, kuma babu zirga-zirga. Haɗarinta guda ɗaya ne amma babba: a yi ta jinyar karaya da sunan targaɗe. Saboda haka ba ta dace da kowa ba sai wanda ya tsallake gwajin da aka bayyana a sama, kuma ko shi ɗin, idan kwana biyar zuwa bakwai suka wuce babu sauƙi, ya kamata a duba shi.

Kemis

Kemis wurin sayen magani ne, ba wurin gano rauni ba, kuma yawancin matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa masa ayyukan biyu. Farasitamol ya isa ga yawancin targaɗe, muddin babba bai wuce giram 4 cikin awa 24 ba. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi da kumburi, amma na 'yan kwanaki ne kuma bayan an ci abinci, sannan ba su dace da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu ba, haka nan mai hawan jini da tsoho sai da shawarar likita. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙi ga ciki. Abin da nake ganin ya kamata a guje masa ɗungurungum shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda babu suna, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda ke tayar da suga, suna kuma jinkirta warkewa, ko tramadol wanda ke kama jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aikin yi a targaɗen da babu rauni a fata. Kuma maganin da ya kashe zafi gaba ɗaya yana iya sa mai karaya ya ci gaba da tafiya a kan ƙashin da bai goce ba har ya goce.

Mai ɗori

Ɗori sana'a ce ta gado a ƙasar Hausa, tana da mutunci har akwai sarautar Sarkin Ɗori a garuruwa da dama, kuma ba a banza mutane suka amince da ita ba. Mai ɗori yana kusa, ana samunsa dare da rana, kuɗinsa yakan fi na asibiti sauƙi, yana karɓa kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma shi ke tattaki zuwa gidan majinyaci. Yana magana da harshen da aka sani, yana haɗawa da tofi da addu'a, hankalin iyali ya kwanta. Sannan gaskiya ne cewa mutane da yawa sun warke a hannunsa, domin targaɗe da karayar da ƙashi bai goce ba suna warkewa idan an hana su motsi, kuma kara da tsumma suna hana motsi. Ta fuskar sauƙi da kuɗin ranar farko, mai ɗori ya yi wa asibiti nisa.

Inda ya gaza shi ne ma'auni na farko. Hannu, komai ƙwarewarsa, ba ya ganin cikin gaɓar da ta kumbura, kuma idon sawu wuri ne da ba ya yafe kuskure kaɗan. Ƙashin tsakiyar ƙwauri ko na damtse zai iya haɗewa da 'yar karkata mutum ya ci gaba da harkokinsa, amma a idon sawu fuskokin ƙasusuwa ne ke gogar juna a kowane taku suna ɗauke da nauyin jiki. Wani bincike da aka wallafa a 1976, wanda likitocin ƙashi ke kafa hujja da shi har yau, ya nuna cewa idan ƙashin da ke tsakiyar gaɓar ya matsa gefe da milimita 1 kacal, faɗin wurin da ƙasusuwan ke taɓa juna yana raguwa da kusan kashi 42 cikin 100. Nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru a wuri ɗaya, kamar tayar da aka ɗaura a karkace, gefe guda ke cin kwalta har ya cinye. Wannan ne ya sa mafi yawan ciwon sanyin gaɓa na idon sawu asalinsa tsohon rauni ne, saɓanin na gwiwa da ya fi zuwa da shekaru. Mutum zai tashi daga ɗori yana tafiya, a yi ta barka, bayan wasu shekaru kuma ciwo ya dawo ba a san daga inda ya fito ba.

Haɗarin da ya fi wannan gaggawa shi ne matsi. Ƙafar da ta ji rauni tana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, kuma idan aka kewaye ta da kara aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya danne hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina isa gare ta takan fara mutuwa cikin kimanin awa shida. Alamun su ne azababben ciwo mai ƙaruwa wanda magani ba ya kwantar da shi, da zafi mai tsanani idan aka motsa yatsu, da mutuwar ji, da ƙuraje masu ruwa a gefen ɗaurin, daga baya kuma yatsu su yi baƙi. Duk wanda ya ce a yi haƙuri, wai ɗori ne ke kamawa, ya yi kuskure mai girma. Abin yi shi ne a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan ƙafafu da hannaye da aka yanke sakamakon irin wannan matsi, da yawansu na yara. A nan ne ma tsoron da ake yi cewa asibiti yanke ƙafa suke yi ya samo asali, alhali da wuya ƙwarai a yanke ƙafa saboda karayar idon sawu da aka kawo da wuri. Galibi wadda ake yankewa ita ce wadda ta iso bayan ta riga ta mutu.

Akwai kuma ja da murza da ake yi wa targaɗe da nufin mayar da jijiya, wanda ke ƙara yaga abin da ya riga ya yage. Da kwancewa duk bayan 'yan kwanaki ana murza wurin, wanda ke motsa ƙashin da ke ƙoƙarin haɗewa. Da tsaga da ƙaho a kan fatar da ta kumbura, ko zuba garin magani a buɗaɗɗen rauni, waɗanda ke buɗe ƙofa ga tetanus da ruɓewar ƙashi. Ya kamata a faɗa cewa a yau akwai masu ɗori da ba sa taɓa mutum sai ya kawo hoto, kuma idan suka ga abin ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi asibiti. Wannan alama ce ta wanda ya san aikinsa, kuma idan har sai an je ɗori, irinsa ya kamata a nema.

Asibiti

Abin da asibiti ya fi kowa da shi shi ne hoto. Likita zai duba, ya danna wuraren da aka ambata, ya tura a ɗauki hoton gaɓar ta fuska biyu ko uku idan akwai buƙata, kuma daga nan magani ya rabu. Targaɗe mai sauƙi za a mayar da shi jinyar gida da maɗaurin idon sawu. Mai tsanani akan sa masa siminti ko takalmin asibiti mai tauri na ɗan lokaci, kimanin kwana 10, sannan a fara motsa shi. Karayar siririn ƙashin waje da ba ta goce ba takan yi kimanin mako 6 cikin siminti ko takalmin. Idan ƙashi ya goce, ana mayar da shi bayan an kashe zafi, a sa rabin siminti wanda ya bar wa kumburi wuri, a sake hoto don tabbatarwa. Karayar da ta shafi gefe biyu, ko wadda ta sa gaɓar ba ta zama daram, yawanci tiyata take buƙata, inda ake daidaita ƙashin a kafe shi da farantin ƙarfe da kusoshi, ko dai da wuri ko kuma bayan mako ɗaya zuwa biyu idan kumburi ya saɓe.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa amma hannun likita yana ganowa, wato tsinkewar agara. Mai ita yakan ji kamar an harbe shi ko an doke shi ta bayan dunduniya, ya waiga babu kowa, daga nan ya kasa ɗagawa a kan yatsu. Sau da yawa ana ɗaukarta targaɗe, kuma idan aka yi makonni ba a gane ba, gyaranta yana ƙara wuya.

Hoto da siminti ana samunsu a yawancin manyan asibitocin jiha. Tiyatar idon sawu kuwa aikin likitan ƙashi ne, ana yinta a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, a Nijar kuma akwai manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi, da asibitin Galmi. Nauyin asibiti a bayyane yake: kuɗin mota, da kati, da layi, da biya kafin aiki, sannan tiyata ita ce mafi tsada a duk hanyoyin nan saboda ƙarfen da za a saya da kwanciya. Wanda ke cikin tsarin inshorar lafiya, na hukumar NHIA ta tarayya ko na jiharsa, ya tambayi abin da tsarin ya ɗauke masa tun kafin a fara. Amma kada tsoron kuɗin tiyata ya hana biyan kuɗin hoto, domin yawancin waɗanda aka yi wa hoto ana samun ba su karye ba, kuma kuɗin hoton bai kai abin da direban adaidaita sahu ko mai sana'ar hannu zai rasa ba idan ya yi mako biyu a kwance.

Asibiti ma yana da nasa haɗarin. Siminti yana iya matsewa, kuma alamunsa ɗaya ne da na ɗori, maganin ma ɗaya ne, a koma a tsaga shi ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Ƙafar da ta daɗe a kafe tana iya tara gudan jini a ƙwauri, wanda idan ya tafi huhu yana kisa, don haka kumburin sha-raɓa mai zafi ko sarƙewar numfashi abin gaggawa ne. Wurin tiyata yana iya ruɓa, musamman ga mai ciwon suga da mai shan taba. Ƙarfen kuwa yawanci a jiki yake zama, ba a cire shi sai idan yana damun mutum. Game da ibada, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri wajen alwala da yin salla a zaune, saboda haka babu dalilin jiƙa siminti ko tilasta wa ƙafa zaman da ba ta kai ba.

Gashin ƙashi

Wannan hanya, wato atisayen da ke dawo wa gaɓa da ƙarfi da motsi, ba kishiyar sauran hanyoyin ba ce, cikonsu ce, kuma ita aka fi yin watsi da ita. Da zarar zafi ya tafi sai a ɗauka an warke, alhali jijiyar da ta yage ta tafi da wani ɓangare na jin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, tsokokin da ke tare gurɗewa kuma sun yi rauni. Bincike ya nuna cewa waɗanda ke ci gaba da fama da gurɗewa, ko ciwo, ko jin ƙafa tana sakewa bayan targaɗen farko suna iya kaiwa kashi 40 cikin 100. Ma'aikacin sashen gashin ƙashi zai tsara atisaye daidai da raunin, kuma wanda ya fito daga siminti ko tiyata yana buƙatarsa sosai. Mai targaɗe mai sauƙi zai iya yin yawancinsa a gida: zana haruffa a iska da babban yatsa, jan tafin ƙafa da zani don miƙar da agara, tura ƙafa waje tana jan robar tsohuwar tayar keke, ɗagawa a kan yatsu, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya na rabin minti, da ido a buɗe, daga baya a rufe. Minti goma zuwa sha biyar a kullum na tsawon mako shida zuwa takwas yana rage yiwuwar maimaituwa ƙwarai. Ɗan ƙwallo ya ƙara da sa maɗauri a fili na wata shida zuwa shekara guda.

| Hanya | Gano rauni | Kuɗi | Sauƙi | Babban haɗari | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Jinya a gida | Ba ta ganowa | Mafi araha | Mafi sauƙi | Ɓoyayyiyar karaya | Mai kyau ga targaɗe idan an yi atisaye |
| Kemis | Ba ya ganowa | Kaɗan | Mai sauƙi | Illar magani, tafiya a kan karaya | Rage zafi kawai |
| Mai ɗori | Da hannu, babu tabbas | Kaɗan zuwa matsakaici | Yana kusa | Matsi, ruɓa, haɗewa a karkace | Ya danganta da irin raunin |
| Asibiti, hoto da siminti | Yana ganowa | Matsakaici | Layi da zirga-zirga | Matsewar siminti, gudan jini | Mai kyau |
| Asibiti, tiyata | Yana ganowa | Mafi tsada | Kwanciya da doguwar jinya | Ruɓar wurin aiki | Mafi kyau ga karayar da ta goce |
| Gashin ƙashi | Yana auna ƙarfi da motsi | Kaɗan zuwa matsakaici | Yana son naci | Kaɗan ne | Shi ke hana maimaituwa |

Wace hanya ga wane

Matashi ko babba mai lafiya wanda ya iya yin taku huɗu, kuma ƙashinsa ba ya zafi idan an danna, ya yi jinya a gida, ya sayi farasitamol da bandeji a kemis, ya fara atisaye cikin makon farko. Ba ya buƙatar hoto, ba ya kuma buƙatar a ja masa ƙafa.

Wanda ya kasa takawa, ko ya ji zafi a kan ƙashi, hoto ne farkon abin da zai kashe wa kuɗi, ko da kuwa ya ƙudurta a ransa cewa ɗori zai je. Idan hoton ya nuna babu karaya, ya koma gida da kwanciyar hankali. Idan ya nuna karayar da ba ta goce ba, siminti ko takalmin asibiti ya fi kara aminci. Idan iyali suka dage sai ɗori, to aƙalla a kafa sharuɗɗa: babu tsaga, babu murza, ɗauri ya bar wurin da yatsa zai shiga, yatsun ƙafa su kasance a buɗe ana duba su dare da rana, a kuma sake hoto bayan mako guda don a ga ko ƙashin yana nan inda yake. Idan kuwa hoton ya nuna gocewa ko karaya ta gefe biyu, shawarata ita ce a nemi kuɗin asibiti ko da da gudummawar dangi ne, domin bayan mako biyu zuwa uku ƙashi ya fara haɗewa a yadda ya sami kansa, kuma gyaran karkataccen ƙashi ya fi aikin farko wuya da tsada.

Mai ciwon suga kada ya yi wa kansa hukunci da yawan zafin da yake ji, tunda raguwar ji a ƙafarsa na iya ɓoye masa karaya. Kumburi da ɗumi a ƙafa, ko da babu ciwo, sun isa dalilin ganin likita, kuma ƙanƙara, da ruwan zafi, da ɗaurin kara duk suna iya jawo masa gyambon da ba ya jin magani. Yaron da bai gama girma ba shi ma a kai shi asibiti, saboda wurin da ƙashinsa ke tsawo yana daf da idon sawu kuma ya fi jijiyarsa rauni, abin da zai zama targaɗe ga babba yana iya zama karaya gare shi. Haka nan tsoho, musamman mace da ta wuce shekarun haihuwa, ƙashinta yana iya karyewa da 'yar faɗuwar da ba a ɗauka komai ba.

Wanda kuma ya riga ya yi makonni da rauninsa, ko a gida ko a ɗori, ya gwada kansa da abubuwa uku: tsuguno har ƙasa ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, tsayuwa da ƙafar ita kaɗai na rabin minti, da ɗagawa a kan yatsunta sau goma. Idan ya kasa su amma ciwon yana raguwa, sashen gashin ƙashi ne wurinsa. Idan mako shida sun wuce ciwo yana nan, ko ƙafar tana kumbura duk yamma, ko tana sakewa a hanya mai kyau, ya ga likitan ƙashi, ya kuma tafi da duk hoton da aka taɓa yi masa.